Daga Yaro Zuwa Mutum: Tarihin Girman Jarumi a Manga

Manga shi ne sunan da Japanawa suke kiran labarin da ake bayarwa da zane, gida-gida a kan shafi, maganar kowa a rubuce kusa da bakinsa. Ana karanta ta daga dama zuwa hagu, yawancinta baƙi da fari, kuma tana fita ne babi-babi a mujallun mako ko na wata kafin a tattara a buga littafi. Kasuwa ta kasa ta bisa masu karatu: shonen na yara maza, shojo na 'yan mata, seinen na samari da magidanta, josei na manyan mata. Jigon da ya fi yawa a cikinta shi ne na yaron da ake fara gani bai san komai ba, a bi shi sannu a hankali har ya zama mutum. Jigon ya ɗauki kusan shekara ɗari yana ginuwa, kuma abin da ake nufi da zama mutum ya riƙa sauyawa bisa halin da Japan ta sami kanta a ciki.

Ana yawan kai asalin manga ga wasu naɗaɗɗun takardu na ƙarni na 12 da na 13 mallakar wurin ibada na Kozan-ji a Kyoto, inda aka zana kwaɗi da zomaye da birai suna kokawa da wanka kamar mutane. Al'ada ta ce wani malamin addinin Buddha, Toba Sojo, shi ya zana su, amma masana suna ganin hannun mutum fiye da ɗaya a ciki. Kalmar manga kuwa ta yaɗu ne da littattafan zane na Katsushika Hokusai, waɗanda suka fara fita a 1814. Duka biyun babu dogon labari a cikinsu, balle jarumin da yake girma.

Wannan ɓangaren daga tatsuniya da labarun mayaƙa ya fito. Akwai tatsuniyar Momotaro, yaron da aka ce ya fito daga cikin ɗan itace, ya tafi tsibirin dodanni da kare da biri da tsuntsu ya ci su da yaƙi. Wanda ya fi shi tasiri shi ne Minamoto no Yoshitsune. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne an haife shi a 1159, an kashe mahaifinsa yana jariri, an ajiye shi a wurin ibada na dutsen Kurama, ya girma ya jagoranci rundunar da ta murƙushe gidan Taira a yaƙin Dan-no-ura a 1185, sannan ya ɓata da wansa Yoritomo ya mutu a 1189. Abin da ake faɗa kuwa shi ne wai aljanun dutse ne suke koya masa takobi da dare, kuma wai tun yana yaro ya kayar da wani ƙato mai suna Benkei a kan gada, ƙaton ya zama baransa har mutuwa. Maraya, da ɓoyayyen malami, da abokin gabar da ya koma amini: masu manga suna cin gajiyar waɗannan abubuwa uku har yau. Gidajen mayaƙa suna kuma da bikin balaga da ake kira genpuku, inda ake yi wa yaro gyaran gashi irin na manya, a sa masa tufafinsu, a raɗa masa sabon suna. Ya yi kama da yadda a da wasu ƙabilun kudancin Kaduna suke shigar da yara maza asirin dodo, yaro ya shiga da ƙuruciya ya fito ana lissafa shi cikin maza.

Daga 1868, zamanin Sarki Meiji, aka rushe tsarin da yake ɗaure kowa a matsayin da aka haife shi. Ɗan manomi ya sami damar zama jami'in gwamnati ko hafsan soja idan ya yi karatu. A 1871 Nakamura Masanao ya fassara littafin Bature Samuel Smiles kan taimakon kai, ya samu karɓuwa ƙwarai, kuma aƙidar tashi daga ƙasa zuwa sama ta hanyar ƙwazo ta shiga makarantu da mujallun yara. Zanen barkwanci irin na jaridun Turawa ma a wannan zamani ya shigo, har Kitazawa Rakuten ya fara shafin zane na mako-mako a jaridar Jiji Shinpo a 1902.

Ɗaya daga cikin jaruman farko da masu karatu suka ga suna ci gaba a idonsu kare ne. A 1931 Tagawa Suiho ya fara Norakuro a mujallar Shonen Club ta kamfanin Kodansha: wani baƙin kare marar gida ya shiga rundunar karnuka a matsayin kurtu, shashasha mai yawan kuskure, ana ƙara masa girma lokaci-lokaci har ya kai kyaftin. A shekarar ce Japan ta mamaye Manchuriya, saboda haka ba abin mamaki ba ne da girma a wannan labari ya zama igiya a kafaɗa. An dakatar da shi a 1941, lokacin da hukuma ta matsa wa mujallu kan takarda da kan abin da suke bugawa.

A 1945 Japan ta sha kashi, birane sun ƙone, marayu sun cika tashoshin jirgin ƙasa. A Osaka aka riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan mummunar takarda, kuma ta nan Tezuka Osamu, ɗalibin likitanci da aka haifa a 1928, ya fito da Shin Takarajima a 1947. Ana cewa an sayar da kwafi 400,000, ko da yake masu bincike suna shakkar adadin. Abin da ba a shakka shi ne salon da ya kawo: zane yana tafiya kamar fim, a kusanto da fuska, a nisanta, a ba wa motsi ɗaya shafuka. Da wannan salo ne aka iya nuna tsoro da nadama ba tare da an rubuta su ba. Daga 1950 zuwa 1954 ya zana Jungle Taitei, labarin farin zaki Leo wanda maharba suka kashe ubansa, aka haife shi a jirgin ruwa, ya tashi a hannun mutane, ya koma Afirka ya gaji sarauta, ya haifi 'ya'ya, a ƙarshe ya ba da ransa a kan dutse mai ƙanƙara domin abokin tafiyarsa ya ci namansa ya rufa da fatarsa ya tsira. Rayuwa ce cikakkiya daga haihuwa zuwa mutuwa a mujallar yara. Afirkar da ke ciki dai ta wanda bai san nahiyar ba ce, kuma yadda aka zana baƙaƙen fata ya jawo suka daga baya.

Akwai wani reshe da ya ƙi wannan hanya gaba ɗaya. Iyalin Sazae-san, da Hasegawa Machiko ta fara a 1946, ba sa tsufa. Nobita na Doraemon, wanda ya fara fita a 1969, yana nan ɗan firamare malalaci. Irin waɗannan suna sayar da kwanciyar hankali ne, mai karatu ya dawo ya tarar da komai yadda ya bar shi.

Babban sauyi ya zo a watan Maris na 1959, da Kodansha da Shogakukan suka fito da mujallun mako a rana ɗaya, Shonen Magazine da Shonen Sunday. Babi kowane mako na shekaru yana buƙatar abin da zai dawo da yaro da kuɗinsa, kuma babu abin da ya kai son ganin ko jarumi zai iya abin da ya gagare shi makon jiya. Tattalin arzikin ƙasar yana haɓaka, Tokyo ta karɓi gasar Olamfik a 1964, ma'aikata suna kwana a wurin aiki. Labarun wasanni masu cike da azabar horo suka mamaye kasuwa, kuma marubucinsu mafi ƙarfi shi ne Kajiwara Ikki. A Kyojin no Hoshi, daga 1966 zuwa 1971, wani uba da yaƙi ya lalata masa kafaɗa ya ɗaura wa ɗansa Hyuma rigar ƙarafa masu tsauri tun yana ƙarami, domin ko cin abinci ya zama motsa jiki. Yaron ya zama gwanin jifa a wasan besbol, amma labarin ya ƙare ne da lalacewar hannunsa na hagu.

Ashita no Joe, wato Joe na Gobe, wanda Kajiwara ya rubuta da wani sunan alƙalami, Chiba Tetsuya ya zana daga 1968 zuwa 1973, ya zarce duk sauran. Yabuki Joe ɗan tasha ne marar iyaye da ya faɗo unguwar 'yan ga-ruwa da leburori a Tokyo. Wani tsohon ɗan dambe mashayi, Tange Danpei, ya ga baiwa a hannunsa, har da aka kai shi gidan gyaran hali ya riƙa aika masa darasin naushi a katin wasiƙa. A can ya haɗu da Rikiishi Toru, wanda ya fi shi nauyi. Domin su haɗu a aji ɗaya, Rikiishi ya hana kansa ci da sha, har aka ɗaure kawunan famfo da waya don kada ƙishirwa ta rinjaye shi da dare. Ya ci damben, ya miƙa hannu su gaisa, ya faɗi, bai sake tashi ba. A ranar 24 ga Maris, 1970, masu karatu suka taru a ofishin Kodansha aka yi wa mutumin da babu shi a duniya zaman makoki na gaske, da malamin addini da komai. Mako guda bayan haka, 'yan wata ƙungiyar tsagera da suka karkatar da jirgin sama zuwa Koriya ta Arewa suka bar sanarwa suna kamanta kansu da Joe.

Abin da ya ɗaga wannan labari shi ne abin da ya biyo bayan mutuwar. Joe ya kasa kai naushi fuskar kowa. Hannunsa yana tashi sai ya tsaya, har ya yi amai a fili. An nuna cewa abin da ya faru a babin baya yana barin tabo a zuciya, kuma warkewa daga tabon ita ce tafiyar labari. Ya ƙare da zagaye 15 da zakaran duniya José Mendoza, Joe ya faɗi da maki, yana zaune a kusurwa yana murmushi, kuma har yau ana gardamar ko da rai ko babu. A wannan zamani zama mutum yana nufin ƙone kai ƙurmus a kan abu ɗaya.

'Yan mata suka kawo wani ma'auni dabam. A farkon shekarun 1970 wasu mata da aka haifa wajejen 1949, irin su Hagio Moto da Takemiya Keiko da Ikeda Riyoko, suka karɓe mujallun shojo daga hannun maza. Suka farfasa gidajen zane, suka bar maganar zuci tana yawo a shafi ba tare da an kewaye ta ba. A Berusaiyu no Bara na Ikeda, 1972 zuwa 1973, Oscar mace ce da mahaifinta janar ya rena a matsayin namiji ta zama mai tsaron sarauniyar Faransa, Marie Antoinette. Girmanta shi ne gane cewa gidan da take bauta wa yana zaluntar talaka, ta ajiye muƙami ta bi jama'a, ta mutu a harin kurkukun Bastille a 1789. Sarauniyar da harin tarihi ne, Oscar ƙirƙira ce. Dabarar nuna abin da ke cikin zuciya daga nan mujallun maza suka are ta.

Mujallar da ta mai da girman jarumi sana'a mai ƙa'ida ita ce Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda ta fara a 1968. Takenta kalmomi uku ne, abota da ƙwazo da nasara, waɗanda ake cewa daga tambayar 'yan firamare aka samo su. Kowace fitowa tana ɗauke da katin da mai karatu zai zaɓi labarun da suka fi burge shi. Wanda ya daɗe a ƙasa sai a yanke shi cikin kusan mako goma, wanda ke sama kuma ba a son ya ƙare. Daga nan tsarin ya samo asali: horo, gasa, faɗuwa, sabon malami, abokin gaba da ya fi na baya. Ba duka ne suka bi shi ba. A 1973 mujallar ta fara buga Hadashi no Gen na Nakazawa Keiji, wanda yana ɗan shekara shida aka jefa bam a Hiroshima, ya zana yaron da ya rasa uba da 'yan'uwa a ranar ya tashi cikin yunwa da tsangwama. Amma abin da ya kawo kuɗi shi ne irin Captain Tsubasa na Takahashi Yoichi, daga 1981, wanda ƙasashen Larabawa suka sani da Kyaftin Majid. Ya fito lokacin da Japan ba ta da gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru. An fara gasar a 1993, ƙasar ta fara zuwa Kofin Duniya a 1998, kuma da yawa daga 'yan wasan sun ce labarin ne ya sa su a ƙwallo.

Dragon Ball na Toriyama Akira, daga 1984 zuwa 1995, babi 519, ya ɗauko ƙashin bayansa daga tsohon labarin Sin na sarkin birai. Son Goku ya fara a matsayin ɗan yaro mai wutsiya a daji, sai aka wayi gari ya zama dogon saurayi, ya yi aure, ya haifi ɗa. Editocin sun ji tsoron sauya siffar da yara suka saba da ita, amma kasuwa ta ƙaru. Wanda ya karanta da lura zai ga cewa Goku tsawo da ƙarfi kawai ya ƙara. Halinsa na son ci da son faɗa bai motsa ba. Masu sauyawa su ne na kewaye da shi: Piccolo da ya zo kashe shi ya ƙare da renon ɗansa, da Vegeta mai girman kai da ya ɗauki shekaru kafin ya yarda wani ya fi shi. Slam Dunk na Inoue Takehiko, 1990 zuwa 1996, ya bi akasin haka. Kundi 31 ne a kan kusan wata huɗu kacal na rayuwar Sakuragi Hanamichi, ɗan daba mai jan gashi da ya shiga ƙwallon kwando don ya burge yarinya. Ana nuna shi yana koyon buga ƙwallo a ƙasa a gefen fili yana ƙunƙuni, daga baya yana jifa 20,000 cikin mako guda. Makarantarsa ta doke zakarun ƙasa, ta faɗi a wasan da ya biyo, shi kuma yana jinyar baya. Inoue ya tsaya a nan duk da cewa labarin yana kan ganiyarsa. A farkon 1995 Jump ta kai kwafi miliyan 6.53 a mako, adadin da ba ta sake gani ba bayan waɗannan biyun sun ƙare.

Kafin lokacin, tattalin arzikin Japan ya durƙushe a farkon shekarun 1990. A 1995 girgizar ƙasa ta rushe Kobe, wata ƙungiyar asiri ta saki iska mai guba a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Alkawarin cewa ƙwazo yana kai mutum ga aiki na har abada ya karye, samari da yawa suka kulle kansu a ɗaki. Labarun manya suka fara tambayar amfanin ƙarfin kansa. A Vagabond, wanda Inoue ya fara a 1998 a kan mai takobi Miyamoto Musashi na ƙarni na 17, jarumin ya kashe mutum saba'in a faɗa ɗaya, sannan aka shafe dogon zango yana fama da noman shinkafa a ƙauyen da yunwa ta kama. Vinland Saga na Yukimura Makoto, daga 2005, ya ɗauki Thorfinn, wanda tsofaffin labarun Iceland suka ce ya yi tafiya zuwa gaɓar Amurka wajejen shekara ta 1000, ya ƙirƙira masa ƙuruciya: ya tashi da burin ɗaukar fansar ubansa, wani ya riga shi kashe mutumin, aka sayar da shi bawa a Denmak, a gona ya koyi rayuwa ba tare da wuƙa ba. A Koe no Katachi na Oima Yoshitoki, 2013 zuwa 2014, yaron da ya azabtar da wata kurma a firamare ya girma abokansa sun guje shi, ya koyi maganar hannu don ya nemi gafararta. An zana fuskokin mutane da alamar gicciye a kai saboda ba ya iya kallon idon kowa, alamar tana faɗuwa duk lokacin da ya amince da wani. Labarin ya ƙare a bikin balaga na zamani, wanda Japan ta mayar ranar hutu tun 1948.

Tsohon tsarin bai mutu ba, sai dai ya sha daga wannan ruwa. Naruto na Kishimoto Masashi, 1999 zuwa 2014, babi 700 a kundi 72, ya fara da maraya ɗan shekara 12 da gari ya tsana saboda dodon da aka kulle a cikinsa, yana ɓarna don a kula shi, ya ƙare yana shugaban garin da mata da 'ya'ya. Wanda ya fara karanta shi yana sa'ansa ya gama yana da shekara 27. Rauninsa a bayyane yake: labarin da ya fara da yabon ƙwazon marar gata ya zo ya bayyana cewa jarumin ɗan tsohon shugaba ne mai gadon baiwa. Fullmetal Alchemist na Arakawa Hiromu, 2001 zuwa 2010, ya fi shi tsayuwa a kan magana ɗaya, domin jaruminsa ya sadaukar da ilimin da ya sa ya yi suna don ya dawo da ƙaninsa. Shingeki no Kyojin, 2009 zuwa 2021, ya juya tsarin a kife, yaron da aka tausaya wa ya girma ya zama mai kisan kiyashi.

A Najeriya ta fuskar talabijin waɗannan labarai suka fara shigowa, da katun irin Voltron wanda asalinsa na Japan ne, sannan faifai, sannan waya. A Sabon Tasha da ke ƙaramar hukumar Chikun, da Kafanchan, da sauran garuruwan kudancin Kaduna, matashi ya fi sanin Naruto da Goku ta katun ɗin da ake tura masa a shagon masu tura fina-finai, littafin takarda kuwa da wuya a gan shi. Jigon ba baƙo ba ne ga mai karatun Hausa: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka buga a 1934, labarin yaro ne da aka sace, ya bi ta bauta ya zama babban malami. Karatu daga dama ma ba ya ba wanda ya yi allo wahala. Tun Janairun 2019 Shueisha ta buɗe manhajar Manga Plus, inda sabon babi yake fita da Turanci kyauta a ranar da ya fita a Japan. Cikin abin da ake bi a can akwai One Piece na Oda Eiichiro, wanda ya fara a 1997, ya wuce babi 1,000 da kwafi miliyan 500. A tsawon wannan lokaci jaruminsa Luffy ya tashi ne daga shekara 17 zuwa 19.